Ƙwallon Amurka da Yaranmu: A Ari Tsanin, A Bar Hular Kwanon

Tun da labari ya bazu cewa masu gasar ƙwallon Amurka, wato NFL, sun fara sauka a ƙasashen Afirka suna neman samari masu tsawo da ƙirar ƙarfi, har suka kafa sansanin gwaji a Accra a 2022, da Nairobi a 2023, da Legas a 2024, sai wata mas'ala ta shigo majalisun matasanmu na Jega da Aliero da Maiyama, ta sami wurin zama tsakanin hirar Arsenal da ta farashin albasa: shin yaron da Allah ya hore wa jiki, ya dace ya ajiye littafi ya bi wannan hanya, ko kuwa iyaye da malamai su toshe kunne, su ce wani sabon lahawu ne daga cikin abubuwan shagala da zamani ke jefo mana? Ni dai gara in bayyana matsayina tun da wuri, domin mai karatu ya san da wa yake jayayya. Wasan kansa ba na yi wa 'ya'yanmu sha'awarsa ko kaɗan. Amma tsanin da Amurkawa suka kafa tun daga ajin makaranta har zuwa filin ƙwararru, duk da aibin da ke jikinsa, ya fi abin da muke da shi nesa ba kusa ba, kuma shi ne ya cancanci aro.

Abin da yawancin masu kallon wasan a waya ba su lura da shi ba shi ne, a can makaranta ce ta haifi wasan, ita ta yi renonsa, sa'an nan 'yan kasuwa suka zo daga baya suka same shi da wayonsa. Karawar farko da ake lissafawa an yi ta ne a 1869 tsakanin jami'o'i biyu, Rutgers da Princeton, alhali ita NFL ba ta zo duniya ba sai 1920. A tsakanin nan, da mace-macen 'yan wasa suka yi yawa a 1905, Shugaban Amurka Theodore Roosevelt da kansa ya kira manyan jami'o'i ya tsawata musu, kuma a shekarar da ta biyo baya aka kafa hukumar da daga bisani aka sa wa suna NCAA, wadda har yau ita ke tsara wasannin ɗalibai. Saboda wannan asali ne za ka ga filin wasan jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da dubu 107, abin da babu filin wani kulob na ƙwararru a ƙasar da ya kai.

To, yaya yaro yake hawa? Yana farawa ne a sakandaren unguwarsu, inda galibi mai horar da shi malami ne a makarantar, kuma ranar Juma'a da dare gari kan taru kallonsu. A jihar Texas, inda ake son wasan nan so mai kama da hauka, an yi doka a 1984 cewa ɗalibin da ya faɗi ko da darasi ɗaya ne ba zai taka fili ba sai bayan wasu makonni, in ya gyara. Iyaye sun yi kururuwa, masu horarwa sun yi kururuwa, har kotu aka je, amma dokar ta tsaya. Idan yaro ya yi fice, jami'o'i su aiko wakilansu su zauna da iyayensa a ɗaki, su yi tayin ɗauke masa kuɗin makaranta da na abinci da na kwana, bisa sharaɗin cewa ya ci darussa 16 da hukumar NCAA ta ƙayyade, da makin da bai gaza 2.3 cikin 4 ba, in manyan jami'o'i yake nufi. Ba shi da damar shiga NFL sai ya cika shekara uku da barin sakandare, kuma kusan kowa a jami'a yake cinye su. Bayan nan a gayyaci zaɓaɓɓu birnin Indianapolis, a auna tsawonsu da nauyinsu, a sa su gudun yadi 40, a ba su ƙarfe mai kilo 102 a ga sau nawa za su ɗaga, likitoci su binciki kowace gaɓa. Sa'an nan a watan Afrilu kulob 32 su zauna su yi zaɓe zagaye bakwai, kulob ɗin da ya fi kowa shan kashi a bara shi ke fara ɗauka.

Yanzu sai a zo ga hisabi, domin a nan ne masu zumuɗi suke kau da kai. Yaran sakandare da ke buga wasan nan a Amurka sun haura miliyan ɗaya. Waɗanda ke bugawa a jami'o'in NCAA kimanin dubu 80 ne. Waɗanda ake zaɓa zuwa NFL a shekara kimanin 260 ne kacal. Kuma kujerun da ake faɗa a kansu gaba ɗaya 1,696 ne, tun da kowane kulob mutum 53 yake riƙewa. Wanda ya shiga ma, ƙungiyar 'yan wasan ta daɗe tana cewa matsakaicin zamansa shekara uku ne da 'yan watanni. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Amma ni abin da ya ɗauki hankalina a wannan lissafi shi ne makomar waɗanda ba su shiga ba, domin tsarin nasu ya yi kama da tankaɗen matan gida, inda tsakin da ya rage a rariya ba a zubar da shi, dambu ake yi da shi. Yaron da tafiyarsa ta tsaya a sakandare yana da takardar sakandare; wanda ta tsaya masa a jami'a, in ya yi haƙuri, yana da digiri, ko da kuwa bai taɓa karɓar sisin kwabo daga NFL ba. Ba dukansu ke kammalawa ba, wannan gaskiya ne, amma kowane mataki na tsanin a cikin harabar makaranta aka kafa shi, don haka wanda ya zame a ƙofar aji yake faɗowa.

Mu kuwa, ina namu yake faɗowa? Yaro a Kimba ko Andarai ko Sabiyal, in Allah ya ba shi ƙafa, ranar da gari ya fara kiran sunansa ita ce ranar da zai fara fashin makaranta, domin babu wanda ya taɓa nuna masa cewa abubuwan nan biyu suna iya zama a tabarma ɗaya. Daga ƙungiyar unguwa sai Birnin Kebbi, ko ya sami taka filin Haliru Abdu. Daga nan sai Sakkwato ko Kano ko Kaduna, yana kwana a ɗakin abokai. Daga nan sai wani dillali ya ɓullo da labarin gwaji a ƙasar waje, a sayar da tumaki, wani lokacin a jinginar da gona, a rage masa shekara huɗu a takarda. Ana ba mu misali da Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 a Kano Pillars, ya wuce Holan. Ana ba mu misali da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato, wanda ya dawo da tagulla daga gasar Olamfik ta Rio a 2016. Madalla da su, Allah ya ƙara musu ɗaukaka. Amma waɗanda suka yi atisaye tare da su a fili ɗaya, suka sha ƙura ɗaya, suna ina yau? Wa ya taɓa ƙirga su? Mutumin da ya kai shekara 28 da gwiwa mai ciwo, ba takarda, ba sana'a, ya kuma yi nisa da gonar ubansa har ya manta ranar shuka, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa? Kuma ba don komai hukumar FIFA ta fara duba ƙashin wuyan hannun 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009 ba, sai don ƙasashe da dama, har da tamu, ba su da ingantacciyar rajistar haihuwa da za a buɗe a ga ranar da aka haifi yaro.

Masu ja da ni na farko su ne samari, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa: Christian Okoye bai taɓa riƙe wannan ƙwallo ba sai da ya kai shekara 23, amma a 1989 ya fi kowa a NFL gudu da ƙwallo, da yadi 1,480, Roy Mbaeteka kuwa kulob ɗin New York Giants ya ɗauke shi a 2022 ba tare da ya taɓa bugawa a wata makaranta ba, to ina amfanin aji? Sai in ce su sake duba labarin Okoye da kyau. Mutumin Inugu ne, mai jifan faifai, ya tafi jami'ar Azusa Pacific a 1982 a matsayin ɗalibi, kuma da Nijeriya ta ƙi tafiya da shi Olamfik ta 1984, a wannan jami'ar ne ya sauya wasa, a ƙungiyarta aka gan shi, daga ita Kansas City Chiefs suka zaɓe shi a 1987. Ashe shi ma ta ƙofar makaranta ya shiga. Ita kuwa hanyar su Mbaeteka, wadda NFL ta buɗe wa baƙi a 2017, kuma tsohon ɗan wasan NFL Osi Umenyiora yake ta ƙoƙarin faɗaɗa ta ga 'yan Nijeriya, taga ce ƙarama da aka yi domin ƙattan da ake samu jefi-jefi, masu tsawon kusan mita biyu da nauyin da ya haura kilo 130; kuma yawancin masu bi ta nan a rukunin 'yan atisaye suke zama, ana iya sallamarsu da safe ɗaya. Wanda zai gina rayuwar ɗansa a kan wannan, kallon kitse yake wa rogo.

Sai su ce, to kuɗin fa? Lalle akwai kuɗi: mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa a 2024 dala 795,000 ne a shekara, kuma ba na buƙatar in juya wa mai karatu wannan zuwa naira. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan ɗan Nijeriya ne ya fara nuna wa duniya yadda yake. Dakta Bennet Omalu, likitan binciken gawa a birnin Pittsburgh, shi ne ya buɗe ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon gwarzon ɗan wasa da ya rasu a 2002 yana da shekara 50 bayan ya sha fama da ruɗewar tunani, ya tarar da wata cuta da yawan karo da kai ke haifarwa, ya wallafa bincikensa a 2005. Masu gasar suka yi masa ca, suka nemi a janye rubutun, ba su amsa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar a fili ba sai 2016. A 2017 masu bincike na jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111 da suka rasu, suka sami cutar a 110. Adalci ya wajabta in faɗi cewa iyalan da suka ba da gawarwakin galibi waɗanda suka riga suka ga alamu ne, don haka ba za a yi ƙiyasi da wannan adadi a kan kowane ɗan wasa ba. Amma ko an rage shi, an sake ragewa, abin da ya saura ya ishi mai hankali tsoro. Malamanmu na usulu sun karantar da mu cewa larurori biyar shari'a ta zo ta kiyaye, addini da rai da hankali da nasaba da dukiya, kuma sun sa hankali a gaban dukiya. Sun kuma ce tunkuɗe ɓarna ake gabatarwa a kan jawo amfani. Aliero ta yi suna a ƙasar Hausa wajen ɗori, ana kawo mata karaya daga garuruwa masu nisa. Amma wane maɗori ne zai ɗora ƙwaƙwalwa?

Na san wani zai tare ni a nan ya ce, kai da kake tsoron hular kwano, dambenmu fa, ba a kai ake dukan ba? Haka ne, kuma hukuncin ɗaya ne, ba zan yi wa dambe sassauci don namu ne ba. Shi ya sa ba ya cikin abin da nake nema wa makarantu. Wanda kuma ya nace sai dai ƙwallon Amurka, akwai nau'insa da ba a karo, ana fizge ƙyalle ne daga ƙugun mai gudu, an ma shigar da shi Olamfik ta Los Angeles ta 2028. Wannan ba ni da ja a kansa.

Masu ja na biyu sun fi na farko ilimi, kuma sun fi ba ni wahala. Su ne masu cewa tsanin nan da nake yabo ruɓaɓɓe ne daga ciki: jami'o'i suna tara miliyoyi da guminsu, yaran kuwa sunan ɗalibta kawai suke ɗauke da shi. Kuma suna da shaida. A jami'ar North Carolina, rahoton da aka fitar a 2014 ya nuna cewa tsawon shekara 18, daga 1993 zuwa 2011, an yi ta ba ɗalibai kimanin 3,100 maki a darussan da ba a shiga aji domin su, kusan rabinsu 'yan wasa. Shekara da shekaru kuma an haramta wa ɗalibi karɓar ko kwabo alhali mai horar da shi yana kwasar miliyoyi, ba a sassauta ba sai 2021 da aka yarda ya ci moriyar sunansa, sa'an nan a 2025 aka yarda jami'a ta raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekara. Duk wannan na karɓa, ban musa ko ɗaya ba. Sai dai ina roƙon masu wannan hujja su lura da wani abu: abin da ya faru a North Carolina an kira shi abin kunya ne domin akwai ƙa'idar da aka karya, akwai rajistar da aka buɗe, akwai mai binciken da ya ƙirga kawuna. A wurinmu, in makaranta ta ɗauko ƙaton bakanike daga gareji ta sa masa rigar ɗalibai ranar gasa, wace ƙa'ida aka karya, kuma wa zai tuhuma? Ruɓar tasu ma kuɗin talabijin ne ya kawo ta, kuma wannan fitina ba ta kusa da gasar sakandaren Maiyama. In ta zo wata rana, mun riga mun ga gemun ɗan'uwanmu ya kama wuta.

Ga iyayenmu da malamanmu masu ganin duk wasa ɓata lokaci ne, maganata gajera ce, domin sun fi ni sanin nassi. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma sa an yi sukuwar dawaki. Abin zargi shi ne wasan da ya shagaltar daga wajibi. Ni kuwa wasan da nake kira a kai shi ne wanda ba a shigarsa sai an sauke wajibi.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta malaman makaranta, waɗanda za su ce: Malam, azuzuwanmu wasu ba rufi, wasu ba kujeru, yara da yawa ma ba su zuwa, kai kuma kana maganar fili? Amsata ita ce, saboda yaran da ba su zuwa ɗin nake magana. Kebbi tana cikin jihohin da ake yawan ambata in ana zancen yaran da ba su makaranta, kuma mun gwada wa'azi, mun gwada barazana, mun gwada ciyarwa. Me zai hana mu gwada abin da yaro yake so da kansa, wanda yake tashi da asuba domin sa ba tare da an tashe shi ba? Kayan aro ba ya rufe katara, don haka ba na cewa a sayo huluna da sulke na dubban daruruwan naira. Kokawa yashi take bukata, kuma Gulbin Zamfara bai hana mu yashi ba. Gudu hanya yake bukata. Ƙwallon ƙafa kuwa yaranmu sun riga sun tanadi ƙafafun. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suka ɗauki kokawa suka yi mata tsani daga ƙauye zuwa jiha zuwa takobin ƙasa, har Issaka Issaka na Dosso, nan ƙetaren iyakarmu, ya zama sunan da kowane yaro ya sani; abin da suka rage shi ne ɗaura tsanin a jikin makaranta, mu kuma muna da damar farawa daga nan.

Kuma muna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: jami'a a tsakiyarmu. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da aka kafa a 2006, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Malam Abdullahi Fodiyo, mutumin da ya haɗa alƙalami da sirdi, ita ce ya dace ta zama matakin sama na wannan tsani, ta kira sakandarorin ƙananan hukumomin nan uku gasa sau ɗaya a shekara a harabarta, ta ware wasu gurabe kaɗan da za ta yafe wa zakarun da suka ci jarrabawar shiga da guminsu kuɗin makaranta, ta tafi da su gasar jami'o'i ta NUGA da ake yi tun 1966. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Jega su tsaya bakin fili da akwatin magani, su ma sun sami wurin koyon aiki. Attajiran kasuwar Jega da manyan dillalan albasa, waɗanda ba su taɓa gazawa wajen sayen kofi da riguna lokacin siyasa ba, su biya wa zakara kuɗin WAEC da JAMB maimakon su miƙa masa babur.

Inda abin zai yi tsauri shi ne ranar da gwarzon makaranta ya faɗi lissafi ana saura mako ɗaya wasan ƙarshe, wani babba ya kira shugaban makarantar a waya ya ce a yi haƙuri a bar yaron nan ya buga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma shugaban makaranta shi kaɗai, da albashinsa da tsoron canjin wurin aiki, bango ne mai saurin tsagewa. Saboda haka kada a bar hukuncin a hannunsa: a miƙa sunayen 'yan wasa da ranar da kowa ya shiga makarantar da sakamakonsa na zangon da ya wuce ga kwamitin da ke zaune a jami'a, a kafe jerin a ƙofar kowace makarantar da ke cikin gasar tun mako biyu kafin a fara, yadda abokan hamayya, waɗanda suka san kowane yaro da uwarsa da ubansa, za su zama su ne masu tsaro. Sa'an nan a zauna da iyaye a tsayar da ranakun wasa, domin uban da ke Danwarai ko Mungadi, in aka sa gasa ta faɗo a kan dashen albasa ko yankan gero, ɗansa ba zai zo fili ba, kuma yana da gaskiya.